Abin da Alƙaluma Suke Faɗa a Kanmu: Labarin Rayuwata a Ilimin Gwaji da Awo

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai.

An haife ni a Funtuwa tun tana cikin tsohuwar Jihar Kaduna, kafin a fitar da Jihar Katsina a 1987. Babanmu tela ne a bakin kasuwa, da asuba da bayan magariba kuma yana biya wa yaran unguwa allo a zauren gidanmu. Inna tana matse mai tana soya ƙuli-ƙuli a cikin gida. Cikin 'yan matan gidanmu ni ce farkon wadda ta wuce firamare, kuma da ba don wani kawuna malamin makaranta ya tsaya kai da fata ba, da a nan zan tsaya. Lissafi ne ya ja ni. Na yi NCE a kansa, aka yi min aure, na kama koyarwa a wata sakandaren 'yan mata. A lokacin iyakar burina ke nan, kuma ban raina shi ba.

A wannan makaranta abin da ya zama aikin rayuwata ya fara damuna, tun ban san fanni ne mai zaman kansa ba. Makin ci a wurinmu 40 ne. Yarinya ta samu 39 a rubuta mata da jan biro, wata ta samu 40 ta wuce. Mai 39 ta maimaita aji, ko kuma iyayenta su ce ai ga shi boko bai karɓe ta ba, a cire ta. Ni kuwa da nake shiga ajin kullum na san yaran nan biyu babu abin da ya raba su a sani. Wata rana ni da abokiyar aikina muka duba takardun aji ɗaya, kowa ta rubuta makinta a gefe ba tare da ta ga na 'yar'uwarta ba. Lissafi ne fa, darasin da ake cewa babu gardama a cikinsa. Da muka haɗa sai ga tazara. Inda yarinya ta bi hanya daidai ta yi tuntuɓe a layin ƙarshe, ni na ba ta rabin maki, ita ta ba ta sifili, kuma kowace a cikinmu tana da hujja. Daga baya na karanta cewa wasu masana biyu a Amurka, Starch da Elliott, sun gwada irin wannan tun 1913. Takardar lissafi guda ɗaya suka raba wa malamai fiye da ɗari, makin da aka ba ta ya kama daga ƙasa da 30 har sama da 90.

Da na tafi Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya yin digiri a fannin ilimi, akwai kwas ɗin da ɗalibai suke gudu saboda lissafinsa, wato gwaji da awo. A lakcar farko malamin ya rubuta jimla ɗaya a allo: makin da ka gani daidai yake da makin gaskiya haɗe da kuskure. Ya ce babu jarrabawar da ta kuɓuta daga wannan, sai dai ana iya ƙiyasta girman kuskuren. Ya ba mu misali. A ce bazuwar makin aji, wato yadda makin yara yake nisanta da matsakaici, 10 ce, a ce kuma tsayuwar jarrabawar, wato yadda take ba da sakamako iri ɗaya idan an maimaita, ta kai 0.84, wanda ana ganinsa da kyau. To kuskuren awonta maki 4 ne. Ma'ana, idan aka bar sararin ninki biyu na wannan kuskure sama da ƙasa, yarinyar da ta samu 39, saninta na haƙiƙa zai iya faɗawa ko'ina tsakanin 31 da 47. Ina zaune a benci ina ganin fuskokin ɗalibaina ɗaya bayan ɗaya. Ashe abin da zuciyata take ƙi a ɗakin malamai, akwai lissafin da ya tabbatar da shi, kuma mutane sun daɗe da gano shi, mu ne bai iso gare mu ba.

Na dawo gida ba ni da wata magana sai wannan. Maigidana, Allah Ya saka masa da alheri, ya ce, "Malama, tunda abin nan ya hana ki sukuni, je ki karanto shi har ƙarshensa." Inna ta karɓi yara, na nufi Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Ibadan, inda aka daɗe da sanin su da horar da masana tantance ilimi. A can na yi digiri na biyu.

Fannin nan, wanda masanansa suke kira saikometiriks, aikinsa auna abin da ido ba ya gani: iya karatu, fahimtar lissafi, damuwa, yarda da shugabanni, tsoron yunwa. Ba ka da tsinken awo da za ka ɗora a kansu, sai dai ka yi tambayoyi ka duba yadda amsoshi suke tafiya tare. Charles Spearman ne ya aza harsashin lissafin a 1904. Rensis Likert ya kawo zaɓi biyar ɗin nan da kowa ya sani, daga "na yarda ƙwarai" zuwa "ban yarda ba sam", a 1932. Lee Cronbach ya fitar da ma'aunin alfa a 1951, kuma a kan wannan alfa ina da magana. Kusan duk kundin digiri da ya zo teburina sai na ga an rubuta cewa alfa ta haura 0.70, don haka takardar tambayoyi ta inganta. Ba haka ba ne. Alfa tana nuna cewa tambayoyinka suna tafiya tare ne kurum. Ka maimaita tambaya ɗaya sau goma da kalmomi daban-daban, alfarka za ta yi sama, alhali abu ɗaya ƙanƙani ka auna. Tambayar da ta fi nauyi ita ce ta sahihanci: abin da ka ce kana aunawa, shi kake aunawa kuwa? Wannan babu wata lamba guda da za ta amsa maka. Sai ka fita ka zauna da mutane.

Fitar da ta sauya ni ta zo ne lokacin da aka nemi mata masu jin Hausa da suka san ƙididdiga, su kula da masu tambaya a wani babban bincike na gida-gida. Dalilin neman mata a fili yake, namiji baƙo iyakarsa zaure. Har zuwa lokacin ni a takarda na san alƙaluma, sun riga sun zama layuka a kwamfuta. A ƙauyukan nan ne na ga yadda ake haihuwarsu.

Shekaru na fara gani. Ka tambayi dattijuwa shekarunta, ta ce, "'Yata, wa ya ƙirga? Rubuta abin da kika gani." Mai tambaya ta dube ta ta rubuta 50. Ta gaba 40, ta gaba 35. Idan ka zana shekarun gari guda sai ka ga tsauni a kan duk lambar da ta ƙare da sifili ko biyar, kwari a kan 39 da 41. Masana ƙidaya suna da ma'aunin Whipple na wannan: 100 yana nufin babu son wata lamba, 500 yana nufin kowa ya taru a kan sifili da biyar, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya tana ɗaukar abin da ya kai 175 a matsayin bayanai marasa kyau ƙwarai. Maganin da muke da shi shi ne kalandar abubuwan da suka faru. An haife ki kafin rasuwar Sardauna a 1966 ko bayanta? Kin yi wayo lokacin da aka bar fam da sule aka koma naira a 1973? Da aka kashe Murtala a 1976 kina ɗakin miji? Ga masu ƙananan shekaru, canjin kuɗi na 1984, rasuwar Abacha a 1998, husufin rana na 2006. Sannan kowane gari da nasa: shekarar da kasuwa ta ƙone, shekarar da aka naɗa hakimi, shekarar fara. Tsohuwar da ta ce ba ta san shekarunta ba, idan ka bi da ita ta wannan hanya sai ta kai ka kusa da gaskiya, tana kuma jin daɗin hirar.

Akwai karkatar da ba daga mai amsa take fitowa ba. Irin binciken lafiya da yawan al'umma da ake yi a Nijeriya tun 1990, mata 'yan shekara 15 zuwa 49 ake yi wa doguwar tambaya, yara 'yan ƙasa da biyar kuma suna da nasu dogon sashe na rigakafi da shayarwa da awon nauyi. Mai tambayar da rana ta dake ta, ga gidaje da yawa a gabanta, ta san idan mai 49 ta zama 50, ko ɗan huɗu da rabi ya zama ɗan biyar da wata, aiki ya ragu. Wannan sananniyar matsala ce a ƙasashe da dama, masu shirya irin waɗannan bincike su da kansu suna bibiyarta a teburan tantance inganci. Ni dai abin da na koya shi ne, faɗa ba ya gyara ta. Rage yawan gidajen da aka ɗora wa mutum a yini, biyan haƙƙi a kan lokaci, da komawa wasu gidaje a sake tambaya, su suke gyarawa.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne tarihin haihuwa. Ana tambayar mace ta jero duk 'ya'yan da ta haifa, masu rai da waɗanda suka rasu, daga nan ake lissafa mutuwar jarirai ta jiha da ta ƙasa. Duk wanda ya tashi a cikinmu ya san kunyar ɗan fari. Akwai matar da ba za ta kama sunansa ba ko da wuƙa a wuya, sau da yawa ma yana hannun kaka ko gwaggo tun yaye, don haka idan aka ce ta lissafa sai ta fara daga na biyu. Na ga wata yarinya mai tambaya, 'yar birni, ta nace wa wata mata sai ta faɗi sunan babban ɗanta, matar ta ja mayafi ta rufe fuska, hira ta mutu. Da ta juya ga kishiya ko ƙanwar miji, da an faɗa mata nan take. Sai kuma jaririn da ya koma kafin suna. A wurin uwa da yawa wanda ba a raɗa wa suna ba ba ya shiga lissafi, ba don ta manta da shi ba, sai don ciwon ambatonsa da kuma tawakkali. To amma mutuwar kwanakin farko ita ce ainihin abin da ake son ganowa, domin ita take nuna halin da ɗakunan haihuwa da ungozomai suke ciki. Idan waɗannan jarirai suka faɗi daga takarda, sai alƙaluma su nuna sauƙi a daidai inda abin ya fi tsanani, kuɗin magani kuma ya bi alƙaluma ya tafi wani wuri. Mun koya wa masu tambaya su ajiye biro, su fara da gaisuwa da jaje, sannan su ce, "Inna, ko akwai wanda Allah Ya ba ki, ya yi kuka ko ya motsa, sannan Ya karɓi abinsa?" Na zauna a ɗakunan da wannan tambaya ta fito da 'ya'ya biyu ko uku da ba su cikin jerin farko. Na yi kuka tare da wasu matan, kuma ban ɗauki hakan a matsayin gazawar aiki ba.

Zaɓi biyar na Likert ma sun sha wuya a hannun mutanenmu. Tarbiyyarmu ba ta yarda ka musa wa baƙo a ɗakinka ba. Ka ce wa dattijo asibitin garinku yana aiki da kyau, ya ce haka ne. Can gaba ka ce asibitin garinku ba ya biyan buƙata, ya ce wannan gaskiya ne. Ba ƙarya yake yi ba, girmama ka yake yi. Shi ya sa nake son tsarin da Afrobarometer, cibiyar binciken ra'ayin jama'a a ƙasashen Afirka wadda ta fara aiki a 1999, take yawan amfani da shi: a karanta wa mutum magana biyu masu karo da juna, a ce wacce ta fi kusa da ra'ayinka. Ko wacce ya ɗauka ya yarda da wani abu, bai kunyata kowa ba. Suna kuma rufe hira da tambayar wa kake jin ya aiko mu, domin wanda yake zaton gwamnati ce ta aiko, yabonsa ga gwamnati sai an duba shi da kyau. Wannan ba ciwon Bahaushe kaɗai ba ne. Tun 1941 Donald Rugg ya nuna a Amurka cewa idan ka tambayi mutane ko a hana wani abu, amsar da za ka samu ta sha bamban ƙwarai da idan ka tambaye su ko a bari, alhali magana ɗaya ce.

A tsakiyar waɗannan shekaru na je gida hutu, na tarar wasu masu bincike sun zagayo unguwarmu. Sun miƙa wa Baba kati mai jimloli da baƙaƙen boko, ya ce ba ya iyawa, aka sa shi a layin waɗanda ba su iya karatu ba. Mutumin da awon kowane mai ɗinki da bashin kowa yana cikin littafinsa da ajami, wanda maƙwabta suke kawo wa wasiƙa ya karanta musu, wanda ya yaye ɗalibai masu sauka. Har gobe takardun naira 200 da 500 da 1,000 suna ɗauke da ajami, amma katin awon karatu bai san da shi ba. Shi abin bai dame shi ba, ni ce na kasa cin abinci. Da na yi masa bayanin aikina dalla-dalla, ya yi shiru, sannan ya ce, "Ashe duba mudu kike yi. To ki riƙe amana, 'yata. Sura sukutum Allah Ya saukar a kan masu tauye mudu, kuma wanda aka tauye wa bai cika sani ba." Suratul Muɗaffifina yake nufi. Ban taɓa samun bayanin aikina da ya fi wannan ba, a Ibadan ko a wani wuri.

Digirina na uku a kan adalcin tambayoyin jarrabawa na yi shi. A nan na shiga tsarin Georg Rasch, masanin lissafi ɗan Denmak da ya fitar da aikinsa a 1960. Hikimarsa ita ce a ɗora ƙwazon ɗalibi da wahalar tambaya a kan layi ɗaya. Idan sun yi daidai, damar ya ci tambayar rabi da rabi ce. Idan ya fi ta da mataki ɗaya, damar ta kai kusan kashi 73 cikin ɗari. Amfanin wannan shi ne kana iya kama tambayar da ta bar layi. Ka ɗauki yara biyu masu jimillar maki ɗaya, ɗaya daga birni ɗaya daga ƙauye, ko mace da namiji. Idan wata tambaya tana kayar da ɓangare ɗaya fiye da kima duk da ƙwazonsu ɗaya ne, akwai abin da take aunawa ban da darasin. Hanyar da aka fi bi ta Mantel da Haenszel ce, wadda suka ƙirƙiro don binciken cututtuka a 1959, Holland da Thayer suka shigo da ita harkar jarrabawa a 1988. Tambayoyin da suka riƙa fitowa a nawa aikin su ne na lissafi masu dogon labari da Turanci, a kan jadawalin jirgin ƙasa ko kuɗin ruwan banki. Ka mayar da lissafin nan kan buhunan masara da kuɗin mota zuwa kasuwa, ka gajarta jimlolin, sai yaran da suka faɗi su ci.

Amma dole in faɗi ɗaya ɓangaren, ko da ba zai yi wa wasu daɗi ba. Da na cire duk tambayoyin da suka karkata, tazarar da ke tsakanin makarantu ta ragu kaɗan ne kawai. Mafi yawanta ta zauna daram, domin ta gaske ce: aji mai yara fiye da ɗari, malamin da bai karanci darasin ba, zangon da ya ƙare ba a kai rabin manhaja ba. Na sha zama a taron da ake so in ce jarrabawa ce take zaluntar yaranmu, ban faɗa ba, domin ba abin da na gani ba ne. Mai awo da zai karkata don 'yan'uwansa, ranar da ya faɗi gaskiya ma ba za a yarda da shi ba. Haka kuma idan ana muhawarar mafi ƙarancin makin shiga manyan makarantu, nakan so a tuna da lissafi mai sauƙi. Jarrabawar JAMB, hukumar da aka kafa a 1978, maki 400 ce, kowace tambaya zaɓi huɗu. Wanda ya yi ta canka ba tare da ya karanta ba, a matsakaici zai tashi da kashi ɗaya cikin huɗu, wato wajen 100. Duk layin da aka ja kusa da nan ba ya raba mai sani da mai sa'a.

Tsarin Rasch bai tsaya a aji ba. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana auna ƙarancin abinci da tambayoyi takwas, daga mai sauƙi zuwa mai tsanani: ko ka yi fargabar abinci zai ƙare, ko ka rage abin da kake ci, ko ka tsallake cin abinci, har zuwa ko ka yini ka kwana ba ka ci komai ba. Nijar tana cikin ƙasashe huɗu da aka fara gwada su a 2013, tare da Angola da Habasha da Malawi, yanzu kuma da su ake bibiyar ɗaya daga cikin muradun ci gaba na duniya. Ina son ma'aunin nan domin yana tambayar mutum abin da ya same shi, ba ra'ayinsa ba. Sai dai kowace tambaya tana da jela, "saboda rashin kuɗi ko abin hannu", kuma a ƙasar masu azumi idan mai tambaya ya gaji ya yar da jelar, mai azumin Litinin da Alhamis zai shiga layin mayunwata. Ta ɗaya gefen kuma ga magidancin da zai gwammace ya mutu da ya ce a gaban maƙwabta gidansa an kwana ba a ɗora tukunya ba. Wurin da aka zauna aka yi tambaya, da wanda yake tsaye a bakin ƙofa yana ji, suna cikin ma'aunin kamar yadda kalmomin suke ciki.

Na kuma yi aiki a gwajin karatun 'yan aji biyu da uku da Hausa, irin wanda ake ba yaro minti ɗaya ya furta sautin baƙaƙe, sannan kalmomi, sannan ɗan gajeren labari. A wasu makarantu yara da yawa sifili suke samu a labarin. Sifilin gaskiya ne, kuma ya kamata ya hana hukumomi barci. Amma a idon mai awo, gwajin da ya tara yara masu yawa a kan sifili ya daina bambance su. A cikinsu akwai wanda bai san ta inda ake riƙe littafi ba, akwai wanda ya san baƙaƙe bai iya haɗawa ba, akwai wanda saura ƙiris. Malamar aji tana buƙatar sanin wane ne wane. Don haka muka ƙara matakai a ƙasa: gane sautin farko na kalma da kunne, fahimtar labarin da aka karanta masa, haɗa baƙi da wasali.

Zaman jami'a kansa ba sai na tsawaita ba, duk malami ya san shi. Yajin aikin 2020 ya ci kusan wata tara, na 2022 wata takwas, ɗalibaina na digiri na biyu wasu ba su dawo ba. Na koyi manhajar ƙididdiga ta R da girma saboda kyauta ce, ɗalibi ba sai ya nemi kuɗin lasisi ba. Abin da ya fi yi min ciwo shi ne ɗalibin da zai zauna a ɗaki ya cike takardun tambayoyi ɗari uku da hannunsa. Ana ganewa, domin amsoshin mutane na gaskiya suna da 'yan saɓani da na ƙirƙira ba su da shi. Nakan rufe ƙofa in ce masa, "Ɗana, gidaje arba'in na gaskiya sun fi min waɗannan, koma ka kawo su." An kuma taɓa neman in sassauta wani rahoto saboda shirin da aka kashe wa kuɗi bai nuna tasiri ba. Na ce a'a, aikin ya wuce ni, Allah Ya buɗa wata ƙofar. Na kai matsayin farfesa a makare idan aka kwatanta da sa'o'ina, amma Inna ta ga ranar, alhamdu lillahi.

Yanzu abin da ya fi ɗaukar lokacina shi ne binciken waya. Tun annobar korona a 2020 ƙungiyoyi suka gane kiran waya ya fi tura mota araha, ga kuma yankunan da rashin tsaro ya hana shiga. Nakan ba ɗalibaina labarin mujallar Literary Digest ta Amurka, wadda a 1936 ta tara amsoshi fiye da miliyan biyu ta ce Landon zai kayar da Roosevelt a zaɓen shugaban ƙasa, sai Roosevelt ya cinye jihohi 46 cikin 48. Yawan amsa bai cece ta ba, domin waɗanda ta samu ba su wakilci waɗanda ba ta samu ba. Mutum 1,200 da aka zaɓo bisa ƙa'ida suna ba da kuskuren da bai wuce kashi 3 cikin ɗari sama ko ƙasa ba, amma dubu ɗari da suka latsa ƙuri'a a Facebook ba su wakilci kowa ba sai kansu. A wurinmu wayar gida sau da yawa tana aljihun maigida. Ka kira da rana yana kasuwa, ka kira da dare ya miƙa wa matar yana zaune a gefe.

Ni da ɗalibaina mata biyu, ɗaya daga Zamfara ɗaya daga Maraɗi, muna gwada wannan kai tsaye. Gidaje ɗaya, tambayoyi ɗaya, rabi ta waya rabi ido da ido, ƙuri'a ce take raba wanda zai faɗa kowane ɓangare. Muna so mu ga waɗanne tambayoyi ne suke jure waya, waɗanne ne suke karkata, musamman na abinci, da na lafiyar mata, da na 'ya'yan da suka rasu. Mun gama zagayen rani. Na damina yana tafe, kuma da gangan muka sa shi a watan Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa sabon hatsi bai iso ba, domin a lokacin ne tambayoyin abinci suke da nauyin amsawa.